Littattafan da Mama Ta Turara

Babana ba ya iya karanta littafi ya yi shiru. Ko na koyon kiwon kaji ne sai ya yanke masa hukunci, kuma sai kowa a gidan ya ji hukuncin, yana so ko ba ya so. Tsohon malamin gona ne, Bafulatanin Kano da aiki ya kawo shi Maiduguri tun yana saurayi, ya auri Babarbariya 'yar unguwar Fezzan, ya gina gida a unguwar Hausari, ya zauna ke nan. Abin da ya tara a duniya bai wuce mu 'ya'yansa da wani dogon kabad na katako ba, cike maƙil da littattafai, na tarihi da na noma da na ƙagaggun labarai, na Turanci da na Hausa, har da 'yan na Larabci.

Kabad ɗin nan kotu ce. Littafin da ya burge shi sama yake zama. Wanda ya ce da dama-dama, tsakiya. Wanda ya ɓata masa rai kuwa sai can ƙasa, wurin gizo-gizo. Amma ko na ƙasan ba ya barin su su huta, lokaci-lokaci sai ya zaro ɗaya ya sake dubawa, wai ko ya tuba. "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "littafin da ba a buɗe ba bulo ne. Bulo ma ya fi shi, ana gini da shi." Wallahi na ji maganar nan har ta fita mini a rai.

Mama ma tana karatu, sai dai nata ba su taɓa samun gurbi a kabad ba. Sai da ta gama haihuwarmu ta shiga ajin manya na mata ta koyi karatun Hausa, daga nan ta kamu da siraran littattafan soyayyar nan da ake sayarwa a kasuwa. A akwatin kayanta take ajiye su, a ƙarƙashin lafayoyinta. Sana'arta haɗa turaren wuta da humra, don haka duk abin da ya kwana a akwatin nan ya gama ɗaukar ƙamshinta. Baba in ya gan ta da ɗaya sai ya fara: "Barebari an samu karatu, an ƙarar da shi a kan ina sonki ina sonka." Ita kuma ko ɗago kai ba ta yi. "Malam, je ka karanta littafin shanunka ka ƙyale ni." Wasan Fulani da Barebari ne, shi suka yi ta yi duk tsawon zamansu, amma ni na san yana ɗan sosa mata rai.

Kafin gari ya rikice idon Baba ya fara mutuwa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. A lokacin da aka rufe makarantar da nake koyarwa na kwaso 'ya'yana na dawo gidanmu, don aiki ya riƙe mijina a wani gari, Baba ba ya ganin rubutu sam. Launi yake gani, da girman abu. Amma da wannan ɗan guntun ganin yake mulkin kabad ɗinsa. Ya san jan nan mai kauri na gefen dama tarihi ne, ya san koren da bangonsa ya karye na ƙudan zuma ne. Sai ya je da kansa ya zaro, ya miƙo mini, ya ce karanta. Dokar hana fita tana kama mu tun la'asar sakaliya, ba masallaci, ba majalisar ƙofar gida, abokansa wasu sun bar gari wasu sun kwanta dama. Karatun nan na yamma shi kaɗai ya rage masa, kuma duk gidan mun san shi ne yake tashinsa da safe.

Sai tsoro ya iso kan littattafan. Su yaran nan, da ba ma ko iya kiran sunansu sai dai mu ce "yaran nan", kowa ya san yadda suke da takardun boko. Sojoji kuma suna bin unguwanni gida-gida suna bincike, ana ta raɗe-raɗin cewa a wuri kaza an tafi da wani saboda wani littafi da aka gani a ɗakinsa. Gaskiya ne, ƙarya ne, Allah masani. Mu dai gaba kura baya sayaki. Na Turanci laifi ne a wurin waɗancan, mai rubutun Larabci a goshi abin tambaya ne a wurin waɗannan. Ga wani na yaƙi da hoton bindigogi a bangonsa. Ga wani ƙato na takin zamani, a daidai lokacin da buhun takin kansa ya zama abin tuhuma a garin, don da shi ake haɗa abin fashewa. Maƙwabta suka fara ƙona nasu a bayan gida. Mama ta roƙi Baba, ya ce sai dai a ƙona shi tare da su.

Ranar da na kai shi asibitin ido a keke-napep, muka daɗe a layi har azahar ta gota, ranar Mama ta yi aikinta. Alƙur'anai da littattafan addini ba ta taɓa su ba. Sauran kuwa duk ta ɓalle musu bango, ta yage shafin farko mai ɗauke da suna, ta cusa a murhu. Ta samo takardar buhun siminti, ta dama sitaci, ta yi wa kowanne sabuwar riga. Har nata na akwati ba ta bari ba, don akwai hotunan 'yan mata a kansu. Sannan ta mayar da na Baba kabad, ta jera su tsaf yadda take jera kwanukan ɗakinta, babba a ƙasa, ƙarami a sama. Kai, in ka ga jeren sai ya ba ka sha'awa. Ita a ganinta ta ma gyara masa.

Baba ya tsaya a gaban kabad ɗin, ya kai hannu wurin jan nan mai kauri. Ya shafa, ya matsa, ya sake shafawa. Duk launi ɗaya, duk santsi ɗaya. Mama tana bakin ƙofa tana ta bayani da sauri-sauri, Hausa tana ƙwace mata tana komawa Barbarci. Ya bari ta gama. Sai ya ce, "Sannu da aiki, Hajiya." Ya lallaba ya hau gado ya juya fuska bango.

Da ya yi faɗa da ya fi mana sauƙi. La'asar ta yi, bai kira ni ba. Washegari ma haka. Na ɗauko wani na ce in karanta masa, ya ce, "Wanne ne?" Na ce ban sani ba sai na fara. Ya ce to bar shi. Burabuskon da yake mutuwar so da miyar kuɓewa, loma biyu zai yi ya ture kwanon. Mutumin da ba ya gajiya da gardama ya koma daga "to" sai "Allah ya kyauta". Na ji tsoro ƙwarai, don na ga yadda tsofaffi suke sakin duniya in abin da suke riƙe da shi ya suɓuce.

Ni kuwa ban iya haɗiye magana ba. Na sami Mama a madafa na ce, "Haba Mama! Ko jira na ba za ki yi ba? Makaho kika ɗauke wa sanda fa." Ta ajiye muciya ta dube ni, idonta ya kaɗa ya yi ja. "Bango zan zauna da shi ko mijina? In sun zo sun sa shi a mota, ke za ki dawo mini da shi?" Na zauna a kan turmi muka yi kuka tare, tuwo yana ƙonewa.

Wata safiya tana turara masa babbar riga. Yadda ake yi a wurinmu, a zuba garwashi a kasko a barbaɗa turare, a kifa kabbasa a kai, wato wani kwandon sanduna mai tsayi, sannan a lulluɓa tufafin a bisansa hayaƙi ya ratsa su. Sai muka ji muryar Baba daga ɗaki, a gajiye: "Wannan sandal ɗin ba irin na da ba ne, an haɗa shi da wani itace." Mama ta tsaya cak. Gaskiya ne, na kirkin ya yi wuya tun da hanyoyi suka lalace. Ta daɗe tana kallon kabbasar.

Da la'asar ta shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gida, ta kawo kasko da kabbasa da kwalaben turarenta, ta sa na kwaso littattafai rungume guda. Ta leƙa ɗakinsa ta ce, "Malam, fito, kotu za ta zauna. Ita za ta karanta, kai ka yanke hukunci, ni in sa musu shaida. Na sama sandal, na tsakiya kajiji, na ƙasa jawul. Ido ya tafi, ai hanci yana nan." Ya ce ba ya son wasan yara. Ta ce to shi ke nan, ita za ta yanke da kanta, kuma na takin zamani za ta fara kaiwa sama. Kafin ta rufe baki sai ga shi yana laluben takalmi.

Na buɗe na farko. Ban yi layi uku ba ya ɗaga hannu. "Na gane shi. Baturen nan ne da ya zagaye ƙasar Barno yana ƙirga rijiyoyi. Ya ƙirga su tsaf, amma ba na jin ya taɓa zama ya sha ruwan ko ɗaya da masu ita. Duk da haka ba ya ƙarya, abin da bai sani ba yana cewa bai sani ba. Tsakiya." Mama ta tsayar da littafin a kan kabbasa, ta ware shafukansa, ta barbaɗa kajiji, ta rufe da tsohon zani. Da ta miƙa masa ya kai hanci ya shaƙa, ya yi tari, ya ce ta cika hannu. Daren ranar ya cinye tuwonsa.

Haka muka yi ta yi, yamma bayan yamma, wani lokaci ana jin harbi daga nesa mu tsaya mu saurara, in ya lafa mu ci gaba. Wani ƙaton labari na 'yan'uwa masu rigimar gado a wata ƙasa mai sanyi, ya ce marubucinsa da mudu ake biyansa, mutum zai buɗe ƙofa sai an ba ka tarihin ƙofar. Amma ya ce a kai shi sama, saboda wata tsohuwa a ciki da take ɓoye wa jikanta sukari a bakin zani, wai ita ce kakarsa sak, farar fata kawai aka sa mata. Na ƙudan zuma, sandal ba gardama. Ya ce mutumin ya ƙarar da rayuwarsa yana kallon abu ɗaya kuma bai raina shi ba, irin wannan ko rubutunsa da gargada a yafe masa. Wani na dabarun zama attajiri ko gama shafi bai bari na yi ba. "Jawul! Da dabarar tana aiki da bai tsaya sayar mana da littafi ba." Na takin zamani ya ce littafi ne mai gaskiya amma ba shi da fara'a, kamar surukin kirki.

Abin da ya ba ni mamaki, wasu hukuncin nasa sun sauya. Akwai labaran 'yan sandan ciki da yake so a da, a kashe mutum a yi ta neman wanda ya yi. Na fara ɗaya, ya ce in tsaya. "A can wahalarsu su gano wanda ya yi. Mu a nan kowa ya san wanda ya yi, faɗar ce ba ta yiwuwa. Kai shi ƙasa, ba laifinsa ba ne, ni ne ba na iya jin sa yanzu." Littafin wani babban hafsan soja na wata ƙasa da ya ba da labarin yaƙe-yaƙensa, wanda ya shekara da shekaru a sama, shi ma ya sauko. Baba ya ce mutumin ya iya zanen taswira, amma bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin gado da jikokinsa yana toshe musu kunne ba. Akwai kuma wani labari na iyalin da fari ya kora daga ƙauyensu, wanda da yake cewa an cika masa gishiri. A lokacin ƙanwar Mama tana ɗakin ƙofa da 'ya'yanta, sun gudo daga garinsu da kayan jikinsu kawai. Na karanta masa inda uwar take raba ɗan abincin da ya rage ta ce ita ta ƙoshi. Ya goge ido da bakin riga, ya ce, "Ashe ragewa ma ya yi. Hajiya, sa masa na kirkin in da saura."

Kabad ya koma kotu. Baba yakan tsaya a gabansa yana zaro littafi yana sunsunawa kamar mai sayen kifi, ya haɗa ƙamshi da kauri da nauyi ya ce wane ne. Yana dacewa, yana kuskurewa, in ya kuskure ya ce turaren Barebari ne ba shi da tsari. Masu binciken kuwa sun zo daga baya, wata safiya, suka fito da mu tsakar gida, suka ɗaga katifu, suka leƙa randa da saman rufi. Ko kallon kabad ɗin ba su yi ba. Da suka fita ba wanda ya ce wa kowa komai a kan bangon da aka ƙona, har Baba.

Wata yamma mura ta shaƙe mini murya. Baba yana zaune yana jira, ni ko "a" ba ta fita. Mama ta tashi ta shiga ɗaki ta dawo da wani siriri cikin rigar siminti, ta zauna, ta gyara lafaya, ta fara karantawa a hankali, tana bin layi da yatsa. Tun kafin ta buɗe baki na ga hancin Baba ya motsa. "Wannan na akwati ne," ya ce. Ta ce, "In ba ka so ka toshe kunne." Labarin wata ma'aikaciyar jinya ce da wani direban babbar mota, suna son juna amma kullum saɓani, in ya zo garin tana aiki, in ta samu hutu yana hanya. Baba ya yi ta tsaki. Ya ce direban sakarai ne, wane irin mutum ne zai bar saƙo a bakin ɗan kamasho? Ya ce marubuciyar ba ta san mota ba, ba a tashi daga Kano da hantsi a yi la'asar a Maiduguri da kaya niƙi-niƙi. Washegari muryata ta dawo, na ɗauko na ƙudan zuma. Ya yi gyaran murya ya ce, "Bari tukuna. Sakaran nan ya samu saƙon kuwa?"

Dariyar da Mama ta yi ranar ban taɓa jin irinta ba, har da riƙe ciki. Ta tambaye shi wane turare za a sa wa wannan, jawul ko? Ya ce, "A'a, bar shi. Wannan ya zo da ƙamshinsa." Daga nan aka raba yamma biyu, ni in yi nawa, ita ta rufe da nata, in ta gama ta mayar akwati. Littafin kashi-kashi ne, kuma Mama ba ta sauri, ga Baba yana tare ta kowane shafi da gardama. Ni da nake gefe ina tsince shinkafa, na sha ɗago kai in gan shi ya karkata kunne wajenta, bakinsa a ɗan buɗe, ita kuma tana ƙara jan muryar don ta san ana saurarenta. Ban taɓa ganin iyayena sun yi kyau kamar a lokacin ba.

Suna cikin kashi na ƙarshe Mama ta kwanta. Ba bam ba ne, ba harsashi ba, duk abin da muka yi shekaru muna tsoro bai same ta ba. Hawan jini ne, ta faɗi a madafa da rana tsaka, ba ta yi mako ba Allah ya karɓi abarsa. Gari ma a lokacin ya fara lafawa, an sassauta dokar, mutane sun cika ƙofar gida da zaman makoki.

Bayan an watse, 'yan'uwanta suka zo za a fitar da kayanta. Baba yana zaune a gindin dalbejiya ya kira ni. "Uwata, kafin su taɓa akwatin, ɗauko mini na direban nan. Na ƙarshen." Na ɗaga lafayoyinta na zaro shi, da tsinken tsintsiyar da take sa alama yana nan a inda ta tsaya, saura 'yan shafuka. Na zauna kusa da shi na ce bari in ƙarasa masa. Na sa yatsa zan buɗe, sai ya laluba ya kama hannuna.

"Kada ki buɗe."

"Baba, ba ka so ka ji ko sun haɗu?"

"Ina so mana," ya ce. Ya karɓi littafin da hannu biyu ya kai fuskarsa, ya daɗe a haka. "In aka buɗe ƙamshin zai fita, Uwata. Kuma babu mai sake sa masa."

Maganar bulo ta zo mini har bakin harshe, na haɗiye ta. Ya miƙe, na riƙe masa gwiwar hannu muka shiga ɗaki. Ya shafa kabad ɗin har ya kai layin sama, ya matsa na ƙudan zuma gefe, ya sa shi a nan. Duk la'asar yakan sauko da shi ya riƙe a cinya, ni ina karanta masa wani daban. Har Baba ya bar duniya bai san ko direban ya samu ma'aikaciyar jinyar ba, ni ma ban sani ba. Littafin yana wurina yanzu, tsinken yana inda ta bar shi.